Yadda Na Sa Matan Aure Ƙwallo a Matameye

Na ji abin da kuka faɗa jiya a bakin ofishin direkta, ku 'yan matan nan biyu da aka turo mini daga Yamai ku koyi aiki. Ni ce na kusa ritaya, kunnena da sauransa. Kun ce kun zaɓi koyar da sipor, wasannin motsa jiki, don ba alli, ba gyaran takardu, ba ciwon kai, sai usur da inuwar itacen bedi. Gaskiyarku. Aikin banza ne. Shekara da shekaru ina cin albashi a kan hura ɗan ƙarfe, har gwiwoyina suka lalace don tsabar hutu. Ku gyara zama in ba ku labarin hutun.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan a buhu. Usur, igiyar tsalle, famfon keke, basilla da zare na ɗinke balo, ƙwallo ke nan, in ya yage, da tokar murhu ta zana layi a fili. Tokar gidan mai ƙosai ta fi fari, ku riƙa gaishe ta da kyau. Balo kuwa guda biyu ne, ɗaya ya girme ku. Akwai sababbi da ake cewa suna tafe daga sama tun ina budurwa. Ina jin da ƙafa suka taho.

Ranar da na fara aiki a kolej ɗin nan ban taɓa usur ba. Wanda na tarar, Mushe Idi, wato Malam Idi a bakin Faransanci, Allah ya jiƙansa, dogon mutum ne mai muryar da ake ji daga tasha. Ya dubi takardar shaidata, ya ce ta yi kyau, ya miƙo mini tsohon buhun algarara da igiya. Ya ce in ɗaura in ja shi a kan fili daga wannan gefe zuwa wancan, ƙarangiya da tsidau su manne a jiki, in kakkaɓe a wuta, in sake. Na yi ta ja har hantsi ya dubi ludayi, na je na ce na gama.

"Kin gama?" in ji shi. "To, cire takalmi ki tsallaka."

Na tsallaka, ina rawar da ba wanda ya yi mini kiɗa.

"Yaran da za ki sa gudu a nan rabinsu ba takalmi. Koma ki ja."

A Yamai an koya mana sunan kowace tsoka ta jikin mutum da Faransanci. Wanda ya san tsidau kuwa, ban haɗu da shi a can ba.

Abu na biyu da ya koya mini ya fi ƙaya wuyar gani. Wata rana ina tsaye ina gyara wa yara yadda ake ɗaga gwiwa, ya zo ya tsaya bayana.

"Ke ƙafafu kike kallo," ya ce. "Ƙafa ba ta da labari. Dubi fuskokinsu in sun shigo fili, ki sake dubawa in za su fita. In fuskar ba ta canza ba, rana kawai kika sha musu."

Na soma dubawa. Yaro ya shigo a ɗaure kamar an aiko shi karɓar gaisuwar mutuwa, wani an zage shi a gida, wani ya ci sifiri a lissafi, wata ba ta yi wa kowa magana tun safe. A yi ta gudu, a faɗi, a tashi, a yi musu a kan wa ya ci. In an tashi sai ka ga an kwance, har da waƙa a hanyar kilas. Mushe Idi bai san sunan abin a littafi ba, ni ma a lokacin ban damu in sani ba. Cewa yake yi zuciya ma datti take yi, kuma da gumi ake wanke ta.

Masu sayen hajarmu kuwa, ba yara ba ne, iyaye ne, kuma ba su taɓa cewa suna so ba. Ranar sipor duk 'yan matan Matameye ciwon ciki suke yi, ikon Allah, rana ɗaya, sa'a ɗaya. Wani Alhaji Mamman mai sayar da hatsi ya taɓa zuwa har fili, da babbar riga da lema, a kan 'yarsa Rabi.

"Madam, na kawo ta lakwal ta yi karatu ne, ban kawo ta ta zama godiyar sukuwa ba. Wa zai auri mace mai tsere?"

"Wanda ya iya kama ta, Alhaji."

Bai yi dariya ba, amma ya bar ta. Rabin nan ban taɓa koyar da mai hannu da ƙafa irin nata ba. A ƙwallon hannu in ta jefa, mai tsaron gida kan kauce ne don ta tsira da haƙoranta. Ga baki. Ko ni in na hura usur a inda ba ta so, sai ta faɗa mini ra'ayinta a kan idona. Ta gama birbe, jarrabawar fita kolej, ta auri wanda take so, Sani, mai tafiya Legas ci-rani yana sayar da shayi. Kamar sauran mazan garin nan, in an gama girbi ya tafi, in hadari ya soma haɗuwa ya dawo. Daga nan na daina ganinta sai a gidan biki.

Sai shekarar da aka rufe iyaka. Ku kuna yara, abin da kuka sani shi ne taliya ta yi tsada. A nan kuwa, garin da numfashinsa ke bi ta Ɗan Barto, can bakin iyaka, maƙogwaro aka shaƙe. Daminar ma ba ta yi kirki ba. Mazan da ke can suka maƙale can, na nan suka maƙale nan, suna zaune a gindin bango suna ƙirga motocin da ba su wuce ba. Yara na zuwa mini ba karin kumallo. Ciki shi ke ɗaukar ƙafa, kuma sa mai jin yunwa gudu zalunci ne ko da takardar shaida kake yi. Na mayar da sipor miƙa da 'yar jifa a inuwa. A shekarar ce kawai na sha inuwar nan da kuke kwaɗayi, ban kuma ji daɗinta ba.

A tsakiyar ranin nan wata tsohuwa ta zo nemana a lakwal. Inna Delu ce, uwar Sani, surukar Rabi. Ta ƙi zama, ta tsaya tana kallon buhuna kamar kayan boka.

"Ke ce Madam mai sa yara tsalle?"

"Ni ce, Inna."

"Manjo ne ya turo ni. Ni dai ban ga haɗin ba."

Manjo shi ne babban ma'aikacin jinya na likitar garin nan, asibitinmu ke nan, a lokacin. Labarin da ta ba ni shi ne, Rabi ta haihu, mace, lafiya lau. Sani ya tafi tun cikin yana ƙarami, kuma tun da aka rufe hanya wayarsa ta daina shiga, ba wanda ya zo da labarinsa. Aka yi suna ba uba, aka gama wankan jego, aka yi arba'in. Rabi ta soma rage magana, ta rage ci, ta daina barci, daga baya ta daina komai. Tana zaune a ɗaki fuska ga bango. In jaririyar ta yi kuka, Inna Delu ce ke ɗora mata ita a ƙirji ta riƙe, ita kuwa kamar an jingina ɗiyar wani da gini. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi sadaka. Manjo ya duba ta, ya ce ciwo ne sananne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, ya ba da ƙwayoyi, ya ce amma ƙwaya kaɗai ba ta isa ba, sai ta motsa, ta ga rana, ta shiga mutane.

"Ubanta kuma ya ce hauka ce," in ji Inna Delu. "Akwai wani mutum a wani ƙauye gaba da Tsauni, mai mari da bulala, can zai kai ta. Manjo ya roƙe shi ya dakata zuwa faɗuwar ruwa. In ruwa ya sauka tana haka, mota zai ɗauko."

Na ɗauki tsohon balon nan da la'asar na tafi.

Ɗakin duhu, ga warin hayaƙin magani ya kama labule. Na yi sallama, bango ya amsa. Wadda na sani da baki kamar reza tana zaune ta rame, kitso ya tsufa a kanta. Ban yi mata wa'azi ba, an riga ni, duk unguwa ta gaya mata ta yi haƙuri ta gode wa Allah, kamar ita ba ta san hanyar ba. Na zauna a ƙasa na gangara mata balo. Ya taɓa ƙafarta ya tsaya. Na tashi na ɗauko, na koma, na sake gangarawa. Haka muka yi har aka kira magariba. Inna Delu na bakin ƙofa da jaririya a baya.

"Wannan shi ne maganin?" ta ce. "Har Yamai aka je aka koyo shi?"

"Har da jarrabawa, Inna."

Kullum in an tashi lakwal sai in je. Da ƙyar muka fito da ita bakin ƙofa, ni da Inna, ɗaya a kowane hannu, inda rana ke taɓa tabarma. Na daina gangarawa, na koma jefa mata a hankali a ƙirji. Ya buge ta ya faɗi, in ɗauko. Ni da ake tashi tsaye in na shiga kilas, na zama mai ɗauko wa kaina ƙwallo kamar kare. Makonni muka yi a haka, hadari kuwa ya soma leƙowa ta gabas.

Wata rana hannuna ya kuskure, balon ya nufi fuskarta. Kafin in ce wani abu hannayenta sun tashi sun cafe shi. Ta dube shi, ta dubi hannayen kamar na aro. Sa'an nan ta yi magana, muryar a dushe.

"Madam, ki ƙyale ni."

"Jefo mini abina in tafi."

Ta ajiye shi gefe. Na ɗauka na sake jefa mata. Ta cafe.

"Na ce ki ƙyale ni."

"Na ji. Da can ma jifarki ba wani ƙarfi, yaba ki kawai nake yi don kada ki yi kuka."

Ban ga tashin balon ba. Na dai ji hancina ya koma ciki, tabarau ya rabu biyu, jini na zuba a kan rigar sipor ɗina. Ina durƙushe ina laluben gilashi na ji Inna Delu a bayana tana cewa, "Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi." Ba wanda ya ce mini sannu. Da na ba manjo labari, yana cusa mini auduga, ya ce fushi ma alama ce mai kyau, wanda ya ji haushi ya soma dawowa. Na ce Allah ya sa na gaba ta huce a kan likita.

Kafin nan labari ya gama unguwa cewa Madam ta lakwal ta zautu, tana wasan yara da matar Sani. Mata suka soma shigowa aron rariya, aron wuta, aron abin da suke da shi a gida, su jeru a gindin katanga suna kallo. Babbarsu Hajiya Mairo, maƙwabciya, mai jiki da murya, ita ta fara tanka mini.

"Madam, mu da muke daka, mu ja guga, mu yi surfe tun asuba, wane motsa jiki ya rage mana? In gumi magani ne, ai da mun fi kowa lafiya."

"In kina daka, Hajiya, me kike tunani?"

"Me kuwa? Hatsin da ya rage. Da Alhajina da ke can Kano ba labari."

"To, riƙe wannan."

Na jefa mata. Ta yi ihu ta kare fuska, ya bugi kafaɗarta, matan suka fashe da dariya. Ta ɗauka ta rama a kan wadda ta fi dariya.

"Yanzu da yake tahowa, Alhaji kika tuna?" na tambaye ta.

"Alhajin me, ina ta hancina."

Ku riƙe wannan, don ba ya cikin littafinku. Aiki yana gajiyar da jiki ya bar kai yana niƙa. Taɓarya tana sauka, damuwa tana sauka tare da ita, kan turmi ɗaya. Wasa kuwa ba ya barin wuri. Ba a tunanin bashin duniya da ƙwallo a sama.

Haka muka kafa ƙungiyar da ba ta cikin tsarin kowa. Tsakar gidan Inna Delu ce fili, turmi biyu a nan, turmi biyu a can, su ne gida. A ci ɗamara da gyale, a tattare zane, a kulle ƙofar zaure. Ci-rani ya yi mana rana ɗaya tak, ba namijin da zai ce wa ya ba da izini. Tsofaffin ƙofar gida sun kai ƙara wurin Malam na unguwa cewa mata na ihu. Ya tambaya ko a cikin gida ne, aka ce e. Ko suna wuce lokacin salla, aka ce a'a. Ya ce to su matsa da tabarmarsu gaba kaɗan.

Ƙa'idojin da na koyo kuwa, na bar su a zaure. Hajiya Mairo takan rungume balo ta yi ta tafiya da shi kamar ta ɗauko tulu, in na hura usur ta ce ba da ita nake ba. Inna Delu, wadda ba ta ga haɗin ba, ita ta zama mai tsaron gida, da faifai a hannu, kuma duk ƙwallon da ya wuce ta cewa take yi ba a shirya ba. In an gaji a zube a tabarma ana haki, a sha ruwan randa. A nan ne bakuna ke buɗewa. Wadda mijinta ya yi shiru, wadda ta sayar da akuyarta ta ƙarshe, wadda ke kwana ido biyu tana jin bugun zuciyarta. Duk unguwa ɗaya suke, kullum suna gaisawa da lafiya lau, kowace tana zaton ita kaɗai ce. Hajiya Mairo ta ce rabonta da barcin kirki tun rufe hanya, yanzu kuwa sai an tashe ta salla, ga cinyoyi na ciwo, Allah ya isa tsakaninta da ni.

Kada ku ɗauka balo laya ce. Akwai wata Zuwaira da ta riƙa zuwa, ta yi wasa, ta yi dariya, ciwonta bai saurara ba, sai da manjo ya tura ta babbar likita a Damagaram. Rabi ma ba ta bar ƙwayoyinta ba sai da shi ya ce ta bari. Aikinku ku sa mutum ya motsa, ku kuma san ranar da za ku ce wannan ya fi ƙarfin usur. Wadda ta ɗauki kanta likita a cikinku, ta nemi wata sana'a tun yanzu.

Rabi ta fara da tsayuwa a gefe, in ya zo wurinta ta jefa. Daga baya ta soma takawa, ta soma bi. Ta soma cin tuwo don wasa na sa yunwa, ta soma barci don jiki ya gaji. Wasu ranakun ta koma ɗaki ta ƙi fitowa, mu yi wasanmu a ƙofarta da ƙarfi har ta gaji da mu. Jaririyar ce dai ba ta kula ba. Kullum tana kwance a inuwa a kan zane, in ta yi kuka kakarta ta ajiye faifai ta je.

Ranar da nake son ku ji, an yi lumshi, iska na kaɗawa da ƙanshin ruwa. Rabi ta ƙwace balo daga hannun Hajiya Mairo, ta wuce mutum biyu, ba kowa gabanta sai Inna Delu da faifanta, ta ɗaga hannu za ta jefa. Sai yarinyar ta tsala kuka. Inna ta juya za ta tafi.

"Tsaya a gidanki, Inna," in ji Rabi. "Kada ki ce ba a shirya ba."

Ta ajiye balon a ƙasa, ta je ta ɗauki 'yarta, ta zauna a kan turmi ta ba ta nono. Tana haki, gumi na ɗiga a goshin jaririyar, tana share mata da yatsa. Ta daɗe tana kallonta.

"Ta yi nauyi," ta ce. "Yaushe ta yi nauyi haka?"

Hajiya Mairo ta ce wai ƙasa ta shiga mata ido, ta nufi randa.

Ruwa ya sauka, Alhaji Mamman ya cika alkawari, ya zo da motar haya. Ya tarar da zaure a kulle, ya tsaya yana jiran a buɗe. Daga ciki muryar 'yarsa ce ke tashi, tana gaya mini cewa ƙwallon ya shiga, kowa ya gani, in tabarau ɗin da na ɗaure da zare ba ya aiki in ba wani usur ɗin. Tsofaffin ƙofar gida sun ce ya saurara har ta kai aya, sa'an nan ya sallami direba, ya zauna a tabarmarsu ya ce a ba shi goro.

Sani bai dawo ba sai da aka yi noman farko. An sace masa waya da kayan shayi, ya yi jinya a can, ya biyo ta daji ya iso da rigar jikinsa. Bayan 'yan makonni sai ga shi a lakwal, ya same ni ina zuba toka a layi. Ya gaishe ni a ladabce, ya ce ƙara ya kawo. Wai ya bar mata mai kunya ya tarar da mai gardama, tuwon dare na makara ranar wasa, kuma uwarsa da tsufanta tana kwana tana shafa man zafi.

"Allah sarki," na ce. "Da ka zo da wuri ka same ta yadda kake so. Shiru, ba gardama, fuska ga bango."

Ya sunkuyar da kai. An riga an ba shi labari, na sani. Na ci gaba da zuba tokata, na kai ƙarshen layi na juyo, yana nan tsaye yana murza hularsa. Sai a lokacin na dubi fuskar da kyau. Idanun sun faɗa, sun yi ja, irin na wanda ke kwana yana kallon rufin ɗaki.

"Akwai saura?" na ce.

Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya.

"Madam, na maza fa? Babu?"

"Akwai. Gobe bayan la'asar, nan filin. Ka zo da duk na gindin bangon da ka iya jawowa."

"Me zan ce musu?"

"Ka ce Madam na neman masu taya ta cire ƙaya. Namiji ba ya zuwa neman magani, amma a ce ya taimaki mace, da gudu zai zo."

Washegari mutum tara suka zo taimakona. Har yau ba su gama ba.